Tambaya da Amsa: Kwana 10 Gare Ni, Yaya Zan Ajiye Aiki Ban Ɓata da Manajana Ba?

Assalamu alaikum Anti. Ina yi miki fatan alheri, ke da sauran ma'aikatan wannan mujalla. Shekarata 3 da 'yan watanni ina aiki a sashen lissafin kuɗi na wani kamfanin rarraba kaya. Makon jiya wani kamfani da na nemi aiki a wurinsu tun bara suka kira ni a waya suka ce sun ɗauke ni. Albashinsu ya fi, kuma akwai hanyar ci gaba wadda babu ita a inda nake. Matsalar ita ce suna so in fara nan da kwana 10, alhali takardar ɗaukar aikina ta ce sai na ba da notis na wata 1. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne manajana. Mutumin kirki ne. Shi ya koya min aikin tun ban san komai ba, kuma lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti shi ya tsaya min aka ba ni hutu ba a taɓa albashina ba. Ga ƙarshen wata ya matso, lokacin da muke rufe lissafi, kuma mu biyu ne kawai a ƙarƙashinsa. Wata ƙawata ta ce in ce ba ni da lafiya in daina zuwa. Wata kuma ta ce in tura imel ranar ƙarshe in kashe wayata. Zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba. Ba na so aikin nan ya wuce ni, ba na kuma so mutumin nan ya ɗauke ni butulu. Ki ba ni shawara.

Ƙanwarki mai bibiyar shafinki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri a sabon aikin, ya ƙara wa Mama lafiya. Ƙawayen nan naki ki gode musu, amma shawarar tasu ki bar musu abarsu.

Na daɗe ina aiki a sashen kula da ma'aikata. Takardun ajiye aiki da yawa sun bi ta hannuna, na kuma sha zama da manajoji bayan ma'aikaci ya tafi, na ji abin da suke faɗi idan ƙofa na rufe. Ba kasafai suke kukan ƙarancin kwanaki ba. Kukan da na fi ji iri biyu ne: "a bakin wani na ji labarin", da kuma "ban san inda ta tsaya da aikin ba". Kwana 10 kaɗan ne, ba zan ɓoye miki ba, amma abubuwan nan biyu duk a hannunki suke, kuma su ne za su yanke yadda mutumin nan zai riƙa tuna ki.

Kafin ki buɗe baki a ofis, akwai abin da ya ja hankalina a wasiƙarki. Kin ce a waya suka kira ki. Ina takarda? Kada ki ajiye aikin da ke hannunki sai kin ga takardar ɗaukar aiki a rubuce, da sunanki, da muƙamin, da albashin, da ranar farawa, da sa hannu. Ana fasa ɗaukar mutum bayan an yi masa albishir ta waya, kuma wanda ya riga ya ajiye na farko sai ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Idan takardar ta zo, ki kira su ki nemi ƙarin lokaci. Mutane da yawa suna jin tsoron wannan, suna ganin da sun tambaya za a ba wani. A gaskiya ranar farawa sau da yawa wani ne ya duba kalanda ya zaɓe ta don ta yi masa daidai da tsarin biyan albashi ko horar da sababbin ma'aikata, kuma tana iya matsawa. Ki ce musu: "Ina ɗokin farawa, amma yarjejeniyata ta ce wata 1, kuma muna gab da rufe lissafin wata. Ko za ku ƙara min mako 1 ko 2 in miƙa aiki yadda ya kamata?" Kamfanin da ya san abin da yake yi zai ji daɗin wannan magana, don ya san wata rana shi ma haka za ki yi masa. Idan suka ce sam ko kwana 1 ba za su ƙara ba, kuma ba su kawo dalili ba, ki je, amma ki riƙe wannan a ranki, don ya nuna miki wani abu game da halin wurin. Ko kwana 4 kika samu, riba ce, musamman idan za su tsallakar da ke ranar rufe lissafi.

Sai ki ɗauko takardarki ta yanzu ki karanta sashen ajiye aiki a natse, ba daga abin da kike tunawa ba. Ana karanta mujallar nan a ƙasashe da dama, kuma doka ta sha bamban daga wata ƙasa zuwa wata. A Amurka, in ban da jihar Montana, ƙa'idar ita ce ma'aikaci da kamfani kowa na iya rabuwa da ɗan'uwansa duk lokacin da ya so, notis ɗin mako 2 da aka san su da shi ladabi ne kawai ba doka ba. A Birtaniya dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ta ce wanda ya yi wata 1 yana aiki sai ya ba da aƙalla mako 1. A Jamus mako 4 ne, kuma sai ya ƙare a ranar 15 ga wata ko ƙarshen wata. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tsakanin kwana 30 ne zuwa 90. A Najeriya sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya bi tsawon shekarun aiki: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. Amma kada ki kama ɗaya daga cikin waɗannan ki ce ta cece ki. Galibi doka mafi ƙarancin wa'adi take faɗa. Idan kin sa hannu a kan wata 1, to a yawancin wurare wata 1 ɗin ne ya hau kanki.

Ki duba ko takardar ta yi maganar biyan kuɗi a madadin notis. Da yawa suna da wannan: ki yi kwanakin da za ki iya, ki biya albashin ragowar, ko a cire daga haƙƙoƙinki na ƙarshe. Ke ma'aikaciyar lissafi ce, ba sai na koya miki ba: in wa'adin kwana 30 ne kika yi 10, albashin kwana 20 ke kanki. Ki duba kuma kwanakin hutun shekara da ba ki ci ba, don wasu wuraren suna yarda a lissafa su cikin wa'adin. In akwai bashin ofis a kanki, ko wani kwas da kamfani ya biya miki bisa sharaɗin za ki zauna wasu shekaru, ki san adadinsu tun yanzu. Ki shiga wurin manajan da lissafinki a hannu, kada a can ki fara jin su.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni hankalinki sosai, wato zaman da za ki yi da shi.

Shi ne mutum na farko da zai ji a ofis ɗin. Ba abokiyar aikinki ba, ba aminiyarki ta sashen kasuwanci da kika ce ta riƙe miki sirri ba. Labarin ajiye aiki ba ya kwana a ofis. Ki same shi ido da ido, da safe, kafin aiki ya rincaɓe masa, ki ce kina neman minti 15 ke da shi kaɗai. In ba a gari ɗaya kuke ba, ki kira shi ta waya ko ta bidiyo. Imel zai biyo baya don ya zama shaida, amma kada ya zama shi ne mai kai labari. Kuma ki yi wannan a ranar da takardar can ta shigo hannunki. Duk kwanan da kika ƙara kina juya maganar a zuci, daga cikin kwanakinsa na shiri kike ɗiba.

Kada ki yi doguwar shimfiɗa. Mutum yana gane inda aka dosa tun daga jimla ta biyu, jan maganar sai ya ƙara masa zafi. Ga irin abin da za ki ce: "Yallaɓai, na zo da maganar da ta yi min nauyi, kuma na fi so ka ji ta daga bakina. Na samu aiki a wani wuri, na kuma karɓa. Na san yarjejeniyata ta ce wata 1. Na nemi su ƙara min lokaci, ga iyakar abin da na samu. Na san lokacin bai yi daɗi ba, ga rufe lissafi a gaba. Alfarma na zo nema, a yarda ranar kaza ta zama ranata ta ƙarshe. Ga abin da na tsara zan kammala kafin nan, ga kuma yadda nake so in cike ragowar kwanakin."

Ki lura da abu biyu a maganar. Tafiyar kin riga kin yanke ta, ba shawara kika zo nema a kanta ba, don haka kada ki ce "ina tunanin ko zan tafi", sai ya ɗauka ƙofar ciniki kika buɗe. Amma rage wa'adin ba haƙƙinki ba ne, roƙo ne, to ki yi shi da muryar mai roƙo. Masu gaggawa kan juya abin: su yi ta inda-inda a kan tafiyar, sannan su kafe a kan ranar kamar su ke da iko da ita.

Akwai abin da ƙananan ma'aikata ba su cika tunawa ba. Manajanki shi ma yana da na gaba da shi. Da kin fita daga ofishinsa, tunaninsa na farko shi ne me zai ce wa nasa ogan idan aka tambaye shi wa zai rufe lissafin watan nan, kuma ta yaya ma'aikaciyarsa za ta tafi cikin kwana 10 bai sani ba. In kin bar shi hannu rabbana, kin kunyata shi a gaban manyansa, kuma wannan kunyar ce take zama gaba, ba tafiyar ba. In kuwa kin miƙa masa shafi guda da ke nuna abin da za a gama, da wanda zai riƙe sauran, da kuɗin da kika yarda a cire, kin ba shi abin da zai hau sama da shi ya ce "na shawo kan lamarin". Sau da yawa ma shi da kansa zai roƙa miki a yafe ragowar kwanakin, don a wurare da dama manaja na da bakin magana a kan haka.

Batun ƙaryar rashin lafiya kuwa, ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a sana'a irin taku da kowa ya san kowa. Masu binciken lissafi da ke zuwa kamfaninku su ne ke zuwa wasu kamfanonin. Ma'aikatan banki, masu kawo kaya, duk suna yawo da labari. Cikin 'yan makonni zai ji kina wani ofis lafiyarki ƙalau. Ki tuna kuma mutumin da ya tsaya miki ne lokacin da ciwo na gaskiya ya shigo gidanku. Ba dole ba ne ki faɗi sunan inda za ki ko nawa za su biya ki. "Zan sanar da kai idan na zauna" ta isa. Yin shiru a kan wani abu daban, ƙirƙiro abin da babu daban.

Yana iya ɓata rai. Yana iya cewa "bayan duk abin da na yi miki?" Kada ki kare kanki, kada ki fara lissafo dararen da kika kai kina aiki ba a biya ki ba, ko da gaskiya ne. Ki ce: "Ban manta ba, Yallaɓai, kuma ba zan manta ba. Shi ya sa na zo da kaina." Sai ki yi shiru ki bar shi ya huce. Fushin ranar farko ba shi ne hukuncinsa na ƙarshe ba. Na ga manajoji da suka ƙi amsa gaisuwa ranar Litinin, ranar Alhamis su ne ke tambaya ko an shirya wa mai tafiya ɗan taron sallama.

Bari in faɗi ra'ayina a kan kalmar butulu da kika kawo, don na ga ita ke cin ki. Alherin da ya yi miki gaskiya ne, kuma ya cancanci godiya da baki, da ambaton abin da ya yi ɗaya bayan ɗaya, ba godiyar jimla ba. Amma ba bashi ne da ake biya da zama wuri ɗaya har tsufa ba. Shekara 3 kin yi kina aiki tsakani da Allah, wannan ma sakayya ce. Shi kansa wani wuri ya baro ya zo nan. Manajan kirki yana jin zafin rabuwa da wanda ya koya wa aiki, daga baya kuma ya riƙa alfahari da shi.

Idan ya ce za a ƙara miki albashi ki zauna, ki gode, kada ki amsa nan take don kunya. A wasiƙarki kin ce babu hanyar ci gaba a inda kike, ƙarin kuɗi kuwa ba ya buɗe hanyar da babu ita. In kin san ba za ki zauna ba, ki faɗa a ranar, kada ki bar shi ya je ya yi ta faɗi-tashi a sama don ya samo miki ƙarin da za ki ƙi.

Takardar ajiye aikin kanta gajeriya ce. Kwanan wata, sannan: "Ina sanar da ku cewa na ajiye aikina na jami'ar lissafi. Bisa tattaunawar da muka yi yau, ina roƙon a amince ranar kaza ta zama ranar aikina ta ƙarshe, a kuma daidaita ragowar wa'adin notis kamar yadda yarjejeniyata ta tanada. Na gode da damar da aka ba ni da abin da na koya a nan." Shi ke nan. Ba wurin ƙorafi ba ne, don takardar za ta zauna a fayil ɗinki bayan duk waɗanda suka san ki sun bar kamfanin. Ki ba sashen kula da ma'aikata kwafi, ki kuma tabbata amincewar da aka yi miki ta zo a rubuce, ko da layi 2 ne na imel. Yardar baki ba ta hana wani a sashen albashi ya rubuta cewa kin gudu daga aiki.

Miƙa aiki kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Daga ranar da kika yi magana ki buɗe takarda ki fara rubutawa, kina ƙarawa kullum. Wane asusun banki kika daidaita da littafin ofis, har zuwa wace rana, wane bambanci ne bai fita ba tukuna kuma me kike zargi ya jawo shi. Waɗanne masu kawo kaya ne ke jiran biya, wanne aka amince, wanne ke jiran sa hannu. Su wa kamfani ke bi bashi, wa ya yi alkawarin biya yaushe. Ranakun biyan haraji da na tura kuɗin fansho. Inda kowane fayil yake a kwamfuta da sunan da kika sa masa. Sannan abubuwan da ba a rubuce suke ko'ina ba sai a kanki: abokin cinikin da ba ya amsa imel sai an kira shi, da wanda kullum takardarsa ke zuwa da kuskuren lissafi sai an sake dubawa. Waɗannan su ne suka fi tsada, su ne kuma ake mantawa.

Ki zauna da abokiyar aikinki ta yi aikin da hannunta kina kallo, ba ke kina yi tana kallo ba. Ki kuma ba ta haƙuri, don ita ce za ta ɗauki kayan mutum biyu har a samo wani, kuma ba wanda ya tambaye ta ko ta yarda.

Tunda kuɗi kike taɓawa, ki kare kanki. Kuɗin ƙananan hidimomi da ke hannunki a ƙirga a gaban shaida, ku sa hannu ku biyu. Ki nemi a cire sunanki daga masu shiga asusun kamfani ta intanet, a canza kalmomin sirri, a rubuce. Kwamfuta, katin shaida, makullai, hatimi, duk ki miƙa a ba ki takardar karɓa. Kada ki tura wa kanki ko fayil guda na kamfani da sunan "zai yi min amfani a can". Wannan kaɗai na iya mayar da rabuwar lafiya ta zama shari'a.

Za ki iya cewa a kira ki idan an maƙale, amma ki sa iyaka: mako 2, bayan tashi daga aiki, tambaya kawai ba aiki ba. Alkawarin da ba shi da iyaka ƙarshensa ki daina ɗaga waya, sai a koma gidan jiya. Kuma ki dakata da sanar da sabon aikin a Facebook ko LinkedIn sai kin fita. Kafin ranar ƙarshe, lokacin da zuciya ta sauko, ki tambaye shi ko zai yarda ki riƙa ba da sunansa a matsayin wanda zai yi shaidar aikinki.

In duk kin yi wannan ya ce a'a, sai wata 1 cif, to ki koma wa sabon kamfanin da amsarsa ki ga ko za su jira. In ba za su jira ba, kuma takardarki ta halatta biyan kuɗi a madadin notis, ki biya ki tafi, ba ki karya komai ba. In ba ta halatta ba, ki nemi lauya ko jami'in ƙungiyar ƙwadago ya duba miki ita kafin ki ɗaga ƙafa.

Ga kuma wasiƙa ta biyu daga wani mai karatu:

Anti, barka da aiki. Ni nawa ya riga ya faru. Wata 4 da suka wuce na bar wani wurin aiki, saƙon waya kawai na tura wa manajana da daddare, washegari ban je ba. Ya kira ni ban ɗauka ba don kunya. Yanzu inda nake sun ce kafin su tabbatar da ni sai sun ji daga tsohon wurin aikina. Yaya zan yi?

Wani ɗanki

Ɗana, ka kira shi, kuma kada ka fara da buƙatarka. Ka tura gajeren saƙo tukuna ka ce kana neman izinin kira ko zuwa, don kada ka faɗo masa yana tsakiyar aiki. Idan kun haɗu ka faɗi laifin da sunansa: ka tafi ba sallama, ka ƙi ɗaga waya, ka bar shi da aiki. Kada ka haɗa da "amma". Ka tambaya ko akwai kayan ofis ko kuɗin notis da ake bin ka, in akwai ka biya. Maganar shaidar kuma kada ka ɓoye ta, don zai gane ko ba ka faɗa ba. Ka ce masa kai tsaye an nemi a ji daga gare su, kuma ka san ba ka da bakin roƙo. Yana iya yarda, yana iya ƙi. In ya ƙi, ka je sashen kula da ma'aikata ka nemi takardar da ke nuna muƙaminka da ranar da ka fara da ranar da ka bari, don wurare da yawa iyakar abin da suke bayarwa ke nan, kuma sau da yawa iyakar abin da sabon wuri ke nema ke nan. Ka kuma riga su gaya wa sabon manajanka yadda ka bar can, a taƙaice, kafin ya ji daga wani bakin.